Manya Huɗu a Kan Dutsen Akagi

Shekara hamsin da biyu Shigeo Kogure ya yi yana gaya wa duk mai kunnen ji cewa motarsa tana hawa dutsen Akagi da manya huɗu a ciki, kuma a duk shekarun nan ko sau ɗaya bai taɓa gwadawa ba.

A ganinsa dai ba ƙarya yake yi ba. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga kamfanin da ke ƙera Subaru, lokacin da kamfanin yake ta lalube. Yaƙin duniya ya ƙare, ƙera jirgin sama ya tsaya, injiniyoyin da suka saba da fukafuki sun koma ƙera babur da jikin bas. Su ne suka zauna suka fitar da wata 'yar mota mai nauyin da bai kai kilo ɗari huɗu ba, injinta a baya, ƙofofinta suna buɗewa ta gaba, mutane suka laƙaba mata suna Ƙwaro. Kafin a fara sayar da ita sai da aka cusa ƙarti huɗu a ciki aka hau Akagi da su. Shigeo ba ya cikin ƙartin nan. Aikinsa ɗaura ƙofa, kuma ƙofa ya yi ta ɗaurawa har ya yi ritaya. Amma labarin ya shiga jininsa, da ya sayi tasa Ƙwaron, ruwan madara, sai ya mayar da shi nasa.

Abin da ya hana shi gwadawa tsoro ne, ba wani abu ba. In ta tsaya a tsakiyar dutse, da wane ido zai dubi Tokuji, ƙanen matarsa, wanda tun ranar da aka kawo motar yake kiranta tukunyar dafa shinkafa?

To, ga shi yanzu yana da shekara tamanin da ɗaya, wuyansa ya daina juyawa yadda ya kamata, kuma ya yi wa 'yarsu alkawarin ranar Litinin zai kai lasisinsa ofishin 'yan sanda ya miƙa, ya bar tuƙi. Yau Lahadi. In bai hau yau ba, haka zai mutu da bakinsa ya hau Akagi sau dubu, motarsa kuwa ko sau ɗaya.

Tun da sassafe ya wanke ta, ya goge, ya cire duk abin da zai ƙara mata nauyi, har lemar da ta shekara goma a bayan kujera. Matarsa Fumie ta fito da akwatunan abinci hawa uku, ya tsaya yana hararar su.

"Baban yara, ka daina kallon abincin nan kamar ɓarawo," in ji ta. "Ba zan je saman dutse in ci iska ba."

"Kowane kilo ana lissafa shi."

"To lissafa naka tumbin tukuna."

Gidan Tokuji yana gindin dutsen, a tsakiyar gonakin shinkafa da aka gama girbewa. Shi da matarsa Haruyo su ne za su cike huɗun. Da isarsu Shigeo ya cire takalma ya shiga ya durƙusa gaban ɗan akwatin tunawa da surukansa, ya kunna turare, ya gaishe su kamar yadda ya saba. Minti biyar bai yi ba. Da ya fito, sai ya tarar gindin motarsa ya zauna.

A kujerar baya an shimfiɗe buhun sabuwar shinkafa, kilo talatin, inda za a ɗora shi a cinya. A gaba, wurin ƙafafun Fumie, an girke bahon katako cike da tsimin kabeji, an rufe da ƙyalle.

"Yaya, ba wani abin kirki ba ne," in ji Haruyo, tana ta sunkuyawa. "Bana bai ma yi daɗi ba. Ku yi haƙuri ku karɓa haka."

"Shinkafar ma tsakuwa ce zalla," in ji Tokuji, yana murmushi har kunne. "Amma ai ka ce motarka tana iya komai."

Shigeo ya buɗe baki zai ce a ajiye sai an dawo, ya ga idon Fumie, ya rufe. Kyautar da ta riga ta shiga mota, ka sauke ta a ƙofar mai ita? Gara ka mare shi. Sai ya sunkuya ya yi godiya, Haruyo ta sunkuya, ya ƙara sunkuyawa, ta ƙara, har sai da Tokuji ya ce in ba a tafi ba ganyen dutsen zai gama zuba.

Suka shiga. Tokuji mutum ne da cin shinkafar gonarsa ya karɓe shi, da ya zauna a baya sai da motar ta yi ƙara kamar tsohon gado. Shigeo ya murza makulli, inji ya ɗauka, fata-fata-fata, farin hayaki ya turnuƙe kajin Haruyo.

Farkon hawan lafiya lau. Suka wuce ta ƙarƙashin wata ƙatuwar jar ƙofar ibada da ke bakin hanya, itatuwa duk sun yi ja da rawaya, Fumie ta fara waƙa da muryar da ba ta da daɗi tun tana budurwa. Kowace kwana a hanyar an kafa mata lamba. A kwana ta goma Shigeo ya sauko giya ta biyu. A ta ashirin ya sauko ta ɗaya, ya take totur har ƙasa, Ƙwaro tana ihu iyakar ƙarfinta, amma tafiyar da take yi mai keke zai iya wuce ta yana gaisuwa.

"Yaya," in ji Tokuji daga baya, "can na hango wata katantanwa ta ba da hannu za ta wuce mu."

"Rufe mini baki, nauyin maganarka ma yana jan ta baya."

Shigeo ya dubi madubi. Lahadi ce, lokacin kallon ganye, motoci sun jeru a bayansa har inda ido ya ƙare, kuma hanyar ba ta da wurin wucewa. Babu wanda ya danna hon. Ko mutum ɗaya. Da sun yi masa hon ma da ya fi masa sauƙi, amma haka suka bi shi a hankali cikin ladabi, kamar masu rakiyar gawa, kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi zafi.

Can ya fara jin warin ƙarfe mai zafi daga baya. Ya san warin nan. A kwana ta talatin da takwas akwai ɗan fili a gefe, ya ratse ya kashe inji. Sai shiru, ban da ƙyas-ƙyas ɗin ƙarfe yana hucewa.

"Bari in sauka in taka," in ji Haruyo a hankali. "Ni ce na yi ƙiba bana."

"A'a, ni zan sauka," in ji Fumie. "Likita ma ya ce in riƙa tafiya."

Har Tokuji ya daina dariya. "Ni ne buhun, Yaya. Ku je, zan samo ku."

Kowa ya ɗora laifin a jikinsa, babu wanda ya ambaci shinkafa ko kabeji, alhali buhun yana kwance a cinyar mutum biyu, bahon kuma ya hana Fumie miƙe ƙafa tun daga gida. Shigeo ya riƙe sitiyari da hannu biyu. In mutum ɗaya ya sauka, manya uku ke nan, kuma manya uku ba shi ne abin da ya shekara hamsin yana faɗa ba.

"Ba wanda zai sauka," ya ce.

Ya fita, ya tsaya a bakin hanya, ya cire hula ya sunkuya wa motocin da ya tare. Motar farko, maimakon ta wuce, sai ta tsaya, direban ya sauke gilashi yana tambaya ko lafiya. Ta biyu ma ta tsaya, dole sauran suka tsaya.

Fumie ta daɗe tana kallon ƙeyar mijinta a sunkuye. Sannan ta juya baya.

"Haruyo, mun tsare bayin Allahn nan kusan awa guda. Haƙurin baki kawai za mu ba su, hannu wofi? Abin kunya ne fa. Ni kuma ba ni da abin da ya isa a ba baƙo, sai dai in za ki yarda in ba su tsiminki. Shi kaɗai ne abin da ba zai kunyata mu ba."

Fuskar Haruyo ta washe kamar an ce 'yarta ta haihu. "Kai, Yaya, wannan abin nawa? Ai za su yi dariya." Tana faɗa tana zaro ledoji daga jakarta, ninkakku ƙanana-ƙanana, sun fi hamsin, don ba ta taɓa fita ba tare da su ba.

Da aka yaye ƙyallen bahon, sai ga dutsen danne tsimi zaune a kan murfi, sumul, ya kai girman kan mutum. Shigeo ya dube shi, ya dubi Haruyo.

"Har da dutsen?"

"In aka cire shi ai ɗanɗanon zai gudu, Yaya."

Tokuji ya fashe da dariya har ya riƙe murfin mota. "Ka ɗauko dutse za ka kai wa dutse! Wannan ko injiniyoyinku ba su gwada ba."

Nan fa aka shiga rabo. Haruyo tana ƙulla kabeji, Tokuji ya farke bakin buhu yana auna shinkafa da murfin akwatin abinci, Fumie tana bin motoci ɗaya bayan ɗaya tana miƙawa tana ba da haƙuri. Kowane direba sai ya ƙi sau biyu, a na uku ya karɓa da hannu biyu. Mutane suka firfito suka kewaye Ƙwaro. Wani dattijo ya shafa ƙofarta ya ce a irinta babansa ya kai uwarsa asibiti ranar da aka haifi ƙanwarsa, su biyar a ciki, shi a cinya. Shigeo ya tambaye shi shekarar, ya ƙirga a yatsa, ya ce to wataƙila shi ya ɗaura ƙofar da aka shigar da ita.

Wata mata mai motar kai furanni, wadda ta karɓi ƙulli biyu, ta ce tun da ta ci kyautarsu ba za a hana ta ɗaukar musu baho da dutse zuwa sama ba. Ta rungume dutsen kamar jariri ta kai motarta.

Shigeo ya yi ta roƙon mutane su wuce. Suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kunna fitilun gefe biyu na godiya. Ya taɓa murfin inji da bayan hannu, ya ji ya huce. Manya huɗu suka koma ciki.

Ƙwaro ta ɗauka a murzawar farko. A giya ta ɗaya ta tashi, kafin kwana ta arba'in ya sa ta biyu, ta karɓa. Tokuji ya sunkuyo gaba ya riƙe kujerar Shigeo, kamar hakan zai rage masa nauyi, yana ƙirga lambobin kwana a ƙasa-ƙasa. A ta sittin sai aka ji shi yana ce wa motar, "Yi haƙuri, 'yar uwa, saura kaɗan, yi haƙuri." Fumie ta ɗora hannunta a gwiwar mijinta ta bar shi a nan. Hanya ta ƙara miƙewa sama, inji yana kuka, allurar gudu tana rawa a kan ashirin, sai kuma gaba ɗaya hancin motar ya sunkuya, ga tafkin saman dutse shimfiɗe a ƙasansu, shuɗi, da jan ɗakin ibada a bakinsa.

A wurin ajiye motoci mutanen ɗazu suna tsaye a jere, suka ɗauki tafi. Shigeo ya faka, ya kashe inji, amma ya kasa sakin sitiyari. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa shi, sai ya fito ta ido, tsoho yana kuka yana dariya, hanci yana zuba.

"Mun iso, Baban yara," in ji Fumie.

"Ban taɓa hawa ba, kin sani? Yau ne farko."

"Da wa kake tsammani nake zaune shekara hamsin?"

Tokuji ya fito da ƙyar, ya miƙe ƙafafunsa, ya zagaya bayan motar inda injin yake. Ya haɗa ƙafa, ya sunkuya sosai, irin sunkuyawar da ake yi wa babban malami, ya daɗe bai ɗago ba. Shigeo yana kallonsa ta madubi, ya bar shi ya gama, don in ya yi magana Tokuji zai mayar da abin wasa.

"Gobe fa?" in ji Fumie. "Za ka iya ba su lasisin?"

"Su karɓa. Na gama da shi."

Yana buɗe ƙofa ya ga mutanen sun watse sun shiga shagunan bakin tafki. Jim kaɗan suka fara dawowa, kowa da ƙunshi a hannu, don ba wanda zai ci shinkafar mutum da kabejinsa ya tafi haka. Akwatunan alewa, gasasshen burodi mai miyar waken soya, kwalaben zuma, wani ma da buhun tuffa. Mai furanni tana biye da su, rungume da dutsen Haruyo. Suka fara jerawa a kan murfin Ƙwaro, kowa yana cewa ba wani abin kirki ba ne.

"Yaya," in ji Tokuji, yana share ido da hannun riga, "wannan fa ya fi na ɗazu yawa."

Shigeo ya sa hularsa, ya miƙa hannu biyu ya karɓi buhun tuffa.

"Zuba mata," ya ce. "Komawa ai gangara ce."