Kirarin Hular Kwatano

A Gaya, in za a naɗa Sarkin Jirgi, sai zabiya ta fara jero kirarin kowane mai nema tun daga kakansa, dattawa su ji asali kafin su zaɓa. Yalwa ce zabiyar, tun kafin kumandan mai mulkin yankin na yanzu ya san hanyar garin.

Ana gobe taro Alfari, ɗaya daga cikin masu neman sarautar, ya shigo gidanta, ko sallama babu. Shi ne ya yi ƴan shekaru yana bin kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kwatano, ya dawo da hular Nasara da takalmi mai ƙara, ya sayi jirage biyu, kai ya kumbura kamar an hura salka.

"Tsohuwa, gobe ki yabe ni, amma kada ki ambaci ubana."

Tsohuwa! Ko Inna bai iya cewa ba. Uban kuwa Hamidu ne, mai dafa gishiri a wajen garin Bana, wanda ya ci da shi da tafin hannu duk tsaga. Abin kunyar ke nan wai. Tir!

"To, ɗan nan," in ji Yalwa. "Yadda ka so."

Da safe bakin kogi ya cika. Yalwa ta ɗauki Kabo, abokin takarar Alfari, mai jirgi ɗaya tak, shi ma yana yoyo. Ta kira shi ɗan Sa'idu mai keta ambaliya, jikan wanda dorina ta ba hanya. Mata suka rangaɗa guɗa.

Ta juyo kan Alfari, ta gyara murya.

"Mai hular Kwatano! Mai takalmin da ke gaisuwa kafin mai shi! Mai agogo a hannu, mai turare a wuya!"

Ta yi shiru. Makaɗi ya ɗaga gula yana jiran sunan uba. Shiru. Wani dattijo ya yi gyaran murya, wata ta kama haɓa. A garin nan, wanda aka yi wa kirari ba uba, kowa ya san sunansa, ba sai an faɗa ba.

Zufa ta karyo wa Alfari. Wawan, sai yanzu ya gane.

"Inna, ƙarasa mana!"

"Na ƙare. Abin da na gani ke nan."

Ya daka tsalle tsakiyar fili, hular ta faɗi. "Ina da uba! Ni ɗan Hamidu ne mai gishiri! Ga shi can, ku tambaye shi!"

Da ma ranar kasuwa ce, tsohon na gefe riƙe da igiyar jakinsa, ya kuma ji kirarin tun daga farko. Jama'a suka dare. Ya dubi Alfari sama da ƙasa, ya daɗe a kan takalmin.

"Ina da ɗa dai," ya ce a hankali. "Ya tafi Kwatano. Bai dawo ba tukuna."

Ya ja jakinsa ya nufi kasuwa, dattawa suka kira Kabo.