Suna Ci Yana Kira

Tun da abokin aikinsa Lado ya rasu, Ɗayyabu bai ƙara cin abinci da ƙofa a rufe ba. Matar mamacin, Hussaina, duk wata sai ta kira shi daga Gusau, tambayarta ɗaya: "Yaya Ɗayyabu, da gaske a barci ya cika?" Shi kuwa ya ce da gaske.

Lokacin gasar ƙwallon duniya yana gadin wani bene a unguwar Mesaimeer, can ƙasar Larabawa. Cikin baƙin akwai wani tsoho Bayahude, Amram, mutumin Maroko, ya rako ɗansa kallo. Ran Asabar addininsa ya hana shi taɓa waya da duk wani abin lantarki, sai ya sauko ta matakala ya zauna gefen teburin gadi.

"Duk Asabar nakan yi wa jikokina bayanin karatunmu na mako," in ji shi da Larabci. "Yau ba sa nan. Kai za ka sha."

"Baba, ni fa Musulmi ne."

"To ai ka san Yusuf. Yalla, zauna. A namu karatun, da 'yan'uwansa suka jefa shi rijiya, ba gudu suka yi ba. Zama suka yi suka ci abinci, yana kiransu daga ƙasa. Kowa azzalumin sarki yake zagi. Sarki mutum ɗaya ne, ɗana. Ba abin da zai iya sai ya samu masu ci gaba da tauna."

Ɗayyabu ya tuna. Shekarar korona, a masaukin ma'aikata, Lado ya fara tari. Mai kula da masaukin ya kulle shi a ɗakin ajiya, ya ce duk wanda ya kira asibiti, jirgin gida zai hau. Rana ta uku da azahar, su shida suna kan tiren shinkafa, Lado na dukan ƙofa da tafin hannu. Sunan Ɗayyabu kaɗai yake kira. Wani ya ƙara sautin rediyo. Ɗayyabu ya cinye rabonsa, har da suɗe yatsu. Kafin la'asar dukan ya tsaya.

"Na faɗi wani abu ne?" tsohon ya tambaya.

Ɗayyabu ya miƙe. Ya fita tsakar rana, ya danna lambar Hussaina. Tana ɗauka ta fara gaisuwa, ya katse ta.

"Hussaina, nemi wuri ki zauna. Ba a barci ba ne. Idonsa biyu, yana kirana, kuma ina jin sa."