Dutsen da Jufita Ke Bi

Eilif Brekkhus ya yi suɓul da baka ne ranar bikin cikarsu shekara hamsin da aure. Dangi sun cika zauren coci, an ci kifi an sha kofi, daɗi ya kwashe shi ya miƙe ya ce dutsen nan da ya gano a sararin samaniya da madubinsa na hangen nesa, sunan matarsa Ragnfrid zai raɗa masa. Aka yi ta tafi. Ragnfrid ta ce, "Zauna, tsoho, kafin ka yi mini alkawarin wata ma." Amma ya gan ta tana goge ido.

Da masana suka gama auna hanyar dutsen, sai magana ta ɓaci. Ashe kan hanyar duniyar Jufita yake, tare suke zagaya rana. Irin waɗannan duwatsun kuwa ba a sa musu sunan da aka ga dama, sai na mayaƙan wani tsohon yaƙi na Girkawa. Ita kuwa Ragnfrid ba ta taɓa yaƙi da kowa ba, in ban da shi.

Ya kasa faɗa mata. Ta yaya ma? Ta riga ta gaya wa mai burodi, ta gaya wa likitan da ke duba mata zuciya. Eilif ya daina cin abincin kirki saboda tsoro da kunya. A ƙarshe ya buga wa Oddvar waya, tsohon abokinsa na ƙungiyar masu kallon taurari.

Oddvar ya yi dariya har da tari. "Kai dai rabonka da karanta ƙa'ida tun kana da gashi. Sunayen mayaƙan sun kusa ƙarewa, malam. Ƙananan duwatsu irin naka yanzu ana ba su sunan waɗanda suka taɓa shiga gasar Olamfik. Ai kuwa Ragnfrid..."

"Rufa mini asiri, Oddvar."

Ragnfrid ta je Olamfik, gaskiya ne. Tana budurwa ta shiga tseren zamiya kan ƙanƙara, na masu ɗaura katako a ƙafa, ta faɗi a gangare, sandarta ta karye, ta iso ta ƙarshe ana ta naɗe tutoci. Ta dawo gida ta jefa katakan tseren a saman rufi, ta haramta maganar. Ko jikokinta ba su sani ba.

Da safe ya same ta a kicin tana yanka jan cuku a kan burodi. Ya zauna ya zayyana mata komai. Ta ajiye wuƙar.

"Wato duniya za ta ji na zo ta ƙarshe."

"Za ta ji kin je."

"Kada ka yi mini daɗin baki. Ina ma dutsen yake?"

Ya jawo faranti tsakiyar tebur. "Ga rana." Ya ajiye kofinsa a gefe. "Ga Jufita, babu duniyar da ta kai ta girma." Ya ɗauki ƙwayar sukari ya ɗora can gaba da kofin. "Ga ki nan."

Ragnfrid ta gyara tabarau. "A gaba?"

"A gaba."

"Yaushe za ta cim mini?"

"Ba za ta cim miki ba. Gudunku ɗaya. Tun kafin a yi mutane take biye da ke, haka kuma za ta yi ta bi."

Ta daɗe tana kallon ƙwayar sukarin. Sai bakinta ya fara motsi, ta yi ƙoƙarin danne dariyar, ta gagara. Eilif ya saki wani numfashi da ya yi makonni yana riƙe da shi. Daɗi ya kama shi, yunwa kuma ta taso masa gaba ɗaya. Ya miƙa hannu zai ɗauki burodinta, ta buge hannun.

"Ka rubuta wa masanan yau," ta ce. "In ka gama, ka hau saman rufi ka sauko mini da katakan nan. Jikoki za su zo ranar Lahadi."