Furosesa Ɗaya Cikin Takwas

"Umma, ke kika ɓata kwamfutar asibitin?"

Duk masu zaman jira a ƙofar ɗakin gwajin jini suka juyo. Yarinyar na kwance a cinyar uwarta, jiki zafi rau, amma muryar ras.

"Yi shiru, uwata," in ji uwar, tana tura katin aikinta cikin mayafi.

Ta makara. Matar da ke gefensu, mai rungume da jaririn da ya gaji da kuka ya yi laƙwas, ta riga ta gani.

"Ashe ke ta gida ce! Don Allah, 'yar'uwa, ki sa baki. Tun safe ake cewa sakamako bai fito ba, likita kuma ya ce ba magani sai ya gani."

Ita ma uwar yarinyar abin da aka faɗa mata ke nan. Yau hutu ta ɗauka don jinyar 'yarta, amma ta miƙe. "Sa min ido a kanta, ina zuwa."

A ɗakin ƙasa, inda babbar kwamfutar asibitin take, ta tarar da abokin aikinta Dogo yana gumi cikin sanyin na'ura. Fitilu duk kore ne. Ta ja kujera, ta tambayi injin furosesa nawa yake gani, wato ƙwaƙwalen da yake aiki da su. Takwas ne a cikinsa. Ya ce ɗaya.

"Jiya na sabunta kanal," in ji Dogo. Kanal ita ce zuciyar manhajar da ke tafiyar da injin. Sabuwar ta zo da matsala: ta tashi furosesa na farko, sauran bakwai ba ta ma san da su ba, kuma ba ta yi ƙorafin komai ba. Aikin asibiti kaf ya yi layi a kan guda ɗaya.

"To mu koma tsohuwar."

Dogo ya sosa ƙeya. "Na goge ta, Anti. Wuri ya cika, sabuwar ta ƙi shiga. Ai haka muke yi kullum."

"Dogo, ka kashe mu."

Gyara sai an kashe injin, ga mutane a ɗakin tiyata, ma'ajiyar jini kuma da shi take aiki. Oga ya ce kada wanda ya taɓa sai yamma.

Ta buɗe jerin ayyukan da ke jira. Lambobi ne zalla, babu fuska. Lambar 'yarta na can ƙasa. Layi guda za ta rubuta lambar ta dawo sama, kowa ya ja baya. Lambar jaririn kuwa ba ta tambaya ba.

Dogo ya juya ya fuskanci bango. "Ni dai ban ga komai ba."

Ta rubuta.

Ko da ta hau sama, nas na kiran lambarsu. Matar tana yi wa yarinyar fifita da gefen mayafinta, ɗaya hannun riƙe da jaririn da kansa ya langaɓe.

"Kin ga an fara kira! Allah Ya saka miki, kin gyara mana. Yanzu sai mu, ko?"

Ta ɗauki 'yarta ta bi nas, ba ta iya ɗaga ido ba.

Kai da ke riƙe da makullin irin wannan ɗaki, in ka sabunta inji, kada koren fitila ya ruɗe ka. Ƙirga furosesan kafin ka goge komai. A saman kanka akwai mutane zaune a benci.