Gora Biyu a Garejin Baba Meshak

"Ba zan rufe bonet ɗin nan ba, Baba."

Baba Meshak ya ɗago kai daga kan bencinsa. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran mota a bayan layin dogo a Kafanchan, ba a taɓa ce masa a'a a gaban mai mota ba. Yau kuma wadda ta faɗa 'yarsa ce, Afiniki, da ta gamo kwalejin fasaha bara ta dawo garejin da aiki.

"Na ce ki ƙara mai ki rufe. Iska ce ta shiga. Kafin su kai Kagoro kukan ya mutu."

Mai motar, Mama Hulda, tsohuwar nas ce, ita ce kuma shugabar Zumuntar Mata ta cocinsu. Gobe za ta kwashi mata huɗu zuwa taro a Kagoro, da hannunta take tuƙi. Makon jiya ta biyo ta garejin, Baba ya ƙara mata man sitiyari lokacin Afiniki tana kasuwa. Tun ranar, duk sa'ad da ta sha kwana sai motar ta yi kuka.

"Kamar akuyar da aka ɗaure a rana," in ji Mama Hulda. "Jiya a bakin kasuwa har masu keke suna tambayata ko ta sayarwa ce."

Afiniki ta riga ta bi abin daki-daki. Ta danna fanbel da yatsa, yana nan a ɗaure, ba shi ke ƙara ba. Ta sa Mama Hulda ta murza sitiyari dama da hagu, ta kasa kunne, kukan daga famfon sitiyari yake fitowa. Ta buɗe murfin tukunyar mai, sai ga shi ya yi ƙasa, ya yi kumfa, jan nan nasa ya koma ruwan ƙasa. Robar murfin ta kumbura ta yi laushi. A ƙarƙashin motar kuma mai na ɗiga. Ta shafo shi ta sunsuna.

A kan kantar garejin akwai tsofaffin gororin ruwa guda biyu, irin waɗanda Baba ke juye mai a ciki tun tana rarrafe. Ba rubutu a jikinsu. Ɗaya jan mai ne na sitiyari, ɗayan man birki ne, da ido ake rarrabe su. Gorar birkin ta yi rabi, alhali ba wanda ya taɓa birki tun makon jiya.

Ta daɗe da sanin idon Baba ya yi rauni. Ta ga yana laluben sufana a ƙasa tana gabansa. Ta ga yana riƙe littafin waƙa a coci ba ya juya shafi. Ta yi shiru wata da watanni, tana bi tana gyara abin da ya bari, kuma wannan shirun ne ya fi ba ta kunya yanzu.

Ta durƙusa kusa da shi ta yi ƙasa da murya. "Baba, man birki ne a ciki. Ya ci robobin. In man ya tsiyaye a hanya, sitiyari zai sandare mata a kwana."

"Ɗaga murya mana!" Ya miƙe tsaye. "Takarda ta yi magana, kowa ya zo ya ji! Ni zan zuba man birki a sitiyari? Ina wannan aiki uwarki ba ta san ni ba tukuna."

Mai facin taya na maƙwabta ya dakata da aikinsa. Mama Hulda ta matso.

"Afiniki, me ke damun motata? Gaya mini gaskiya, ba na son yaren makanikai."

Ƙarya tana nan a bakinta, mai sauƙi: famfo ya tsufa. Da ta faɗa, ta gyara motar, sunan Baba ya tsira. Amma ta sake duban gororin. Gobe wata motar za ta zo ita tana kasuwa, kuma hannun da ya ɗauki wannan gora zai iya ɗaukar waccan ya zuba a birki.

"Mama, an zuba man da ba shi ba. Kuskure ne daga garejinmu. Baba ba ya gani sosai yanzu."

Ba ta iya ɗaga ido ba. Ƙafafunsa kawai take kallo, cikin silifas ɗin da ya yi baƙi da mai.

Mama Hulda ta ja da baya taku biyar, ta ɗaga yatsu uku. "Meshak, nawa ke nan?"

Ya ƙura ido. Leɓensa ya motsa. "Hulda, ni ba ɗan makaranta ba ne."

"Yesu! Yanar ido ce ta rufe maka gani, kana nan kana wasa da ran mutane? Kai da kake dattijon ikilisiya!"

Ya laluba hularsa a kan benci, ya fita yana bin gefen katanga.

Afiniki ta yi aikin ita kaɗai. Ta zuƙe gurɓataccen man, ta canza tiyo da robobi, ta wanke hanyar man da sabon mai har sau uku sai da ya fito ja tas. Ta ɗaga gaban motar da jak, ta dinga murza sitiyari daga wannan ƙarshe zuwa wancan har kumfa ta ƙare. Da ta tayar da inji ta murza sitiyari, tsit, ba kuka. Sannan ta ɗauki fenti ta rubuta sunan kowane mai a jikin gorarsa da manyan baƙaƙe.

Matan sun je Kagoro sun dawo lafiya, labarin kuma ya riga su dawowa. Mama Hulda da kanta ta kai Baba asibiti aka cire masa yanar ido ɗaya. Yana gani yanzu, yana juya shafi a coci.

Amma bai sake taka garejin ba. Rabin tsofaffin masu kawo mota sun koma wani wuri, sun ce yarinyar da ta tona ubanta ba abin amincewa ba ce. A gida, in ta gaishe shi yakan amsa, sai dai ya daina ce mata Afi. "Sannu, Injiniya," yake cewa, ba ya dubanta. Ko yau aka mayar da ita ranar, ba za ta rufe bonet ɗin ba. Abin da ta rasa shi ne zamansa a kan bencin nan, da sunan da yake kiranta da shi.