Filin da Auta Ta Tsare

Shekara tara Auta tana tsare wa Baba filin kiwonsa. Tun ranar da shanyewar jiki ta kwantar da shi aka kai shi gari gidan Yaya, ta kewaye wurin da waya, ta rantse ko ɗan maraƙi ba zai sa baki a ciki ba. Duk kaka sai ta ɗauki fartanya ta share gefe-gefe, don kada gobarar daji ta tsallako. Makiyaya na yi mata dariya, ita kuwa ko a jikinta. Burinta ɗaya ne, tsohon ya dawo ya tarar da ciyawarsa yadda ya bar ta.

Kai, a da ciyawa ce ta gani ta faɗa! Har yau Auta in ta lumshe ido tana ganinta, ta kai mata kafaɗa, iska na kwantar da ita tana tashi, shanu sun nitse a ciki, ƙahoninsu kaɗai ke yawo a sama. Baba na gaba, sanda a wuya, ba ya tsufa.

Amma filin bai san da wannan mafarki ba. Tsohuwar ciyawa ta kwanta kan sabuwa ta shaƙe ta. 'Yan ƙayoyin da wuta ke lashewa tun suna ƙanana suka samu sake, suka yi kai, suka haɗe. Auta ta gani sarai, ta riƙa cewa damina mai zuwa za ta gyara komai.

Ran nan da hantsi Yaya ya kawo Baba, idon tsohon ya riga ya tafi. Auta ta tallafe shi har bakin waya. Ya tsaya ya kasa kunne.

"Auta, ban ji motsin ciyawa ba."

"Iska ce ba ta taso ba, Baba."

Ƙarya take yi, rigarsa ma kaɗawa take. Ya miƙa hannun da ke aiki, ƙaya ta karce shi.

"Yaushe rabon wurin nan da wuta?"

"Tun tafiyarka. Shanu ma ban bari ba. Kai na tsare wa."

"Kayya, 'yar nan! Shanu ke rage ciyawa, wuta ta share ƙaya, sannan sabuwa ta fito. Ban taɓa gaya miki ba?"

Bai taɓa ba.

"Ba komai," in ji shi. "Ku ba ni ashana."

Yaya ya lalubo a mota. Auta ta durƙusar da tsohon, ta ƙyasta masa, ya ajiye a gindin ƙaya da hannunsa. Wutar ta lashi busasshen ganye biyu-uku, ta nemi ciyawar da za ta bi, ta tarar da ƙasa tsirara. Ta mutu.

Baba ya ɗaga fuska yana murmushi, yana jiran zafi ya taɓa shi.

"Ta kama?"

"Bari tukuna, Baba," in ji Auta. Ta zaro wata ashanar.