Ƙarshen Littafin Baba Maiwada

"Baba, na samo shi," in ji Mu'azzam tun bai gama cire takalmi ba. "Ko shayina bai huce ba na samo shi. Abin da ka tsufa kana jira."

Baba Maiwada yana kishingiɗe a kan katifa, an tokare masa baya da matasai. Tela ne, ya ƙarar da ƙarfinsa yana ɗinka fararen riguna a wani ɗan shago a unguwar Dira, cikin birnin Riyad. Tun da likitoci suka ce zuciyarsa ta gaji suka sallamo shi, bai ƙara saukowa daga bene ba.

"Muhandis, zauna tukuna," ya ce. "Kullum kamar ana korarka."

Mu'azzam injiniya ne, shi ya sa tsohon ke ce masa Muhandis da Larabci, ƙofarsa na kallon tasu, kuma ba abin da ke ƙona masa rai kamar a zauna a ce Allah zai kawo. Shi ya yi ta zirga-zirga wurin kafilin tsohon, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya daidaita takardun fita, don a mayar da shi Kano wurin 'yan'uwa tun da sauran numfashi. Amma duk sanda ya kawo maganar tafiya, sai Baba ya ce, "Bari mu ga yadda mutumin nan ya ƙare."

Mutumin nan a cikin littafi yake. Wani tsohon littafin Turanci ne da Baba ya saya a hannun mai gwanjo yana saurayi. A bangonsa ga wani ƙato da takobi, ga gimbiya a bayansa, ga rana biyu a sama. Jarumin ma'aikacin jirgin ruwa ne, ya farka ya tsinci kansa a wata duniya, ya koyi yarensu, ya yi yaƙi, ya auri gimbiyar, daga baya ya gano ƙofar da ke komawa gida. A nan shafukan suka yage.

"Marubucin wani Bature ne," in ji Mu'azzam yana latsa wayar da ya samo ƙarshen littafin a ciki. "Ya mutu tun ba a haife ka ba. Irin wannan ya yi ta zuba wa mujallu masu araha. Kuma ka lura, Baba, kullum Bature ne jarumi, mutanen gari kuwa sai bin sa suke kamar tumaki."

"Na lura. Amma wanda ya ce rana biyu, ai ya san Riyad a watan Yuli."

Hajiya Rakiya, matarsa, ta yi dariya daga kicin. "Karanta masa, ɗan nan, mu huta. Tun ina amarya nake jin labarin ƙofar nan."

Mu'azzam ya fara, yana karantawa yana mayarwa da Hausa. Jarumin ya yi sallama da gimbiya, ya shiga ƙofar. Ya fito a garinsu. Mahaifiyarsa na tsaye a bakin gida, abokansa suka ɗaga shi sama, har karensa ya gane shi. Ɗakinsa na nan yadda ya bar shi.

"Ya koma, Baba," ya ce da murna, don a ganinsa magana ta ƙare. "Ka ga ko shi ya koma."

Tsohon ya dube shi. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari, sai da Hajiya ta kawo ruwa.

"Wannan bawan Allah bai taɓa barin garinsu ba," ya ce. "Har kare! Ni da na je hutu na ƙarshe, ɗan ƙanena ne ya tambaye ni wa nake nema. Ɗakina kuwa an mayar da shi shagon cajin waya."

"Amma can ne gida, Baba."

"Can ne. Nan kuma wa ya kai ni asibiti? Wa ya yi faɗa da kafilina har ana jin muryarsa a titi?" Ya dafa gwiwar Mu'azzam. "Khalas, shi ke nan, Muhandis. Na ji ƙarshensa, kuma na gode. Shi ya tafi. Ni ina nan tare da gimbiyata."

"Ji shi," in ji Hajiya. "Gimbiya mai wankin kwanoni."

Mu'azzam ya buɗe baki zai yi gardama, hujjojinsa duk suna kan harshe. Ya dubi hannun da ke kan gwiwarsa, duk kanta irin ta almakashi, ya mayar da wayar aljihu.

"To ina za mu sayi ƙosai irin na Kano?" ya ce.

"Unguwar Nasiriya. Ka ce na Maiwada ne, za su ƙara maka yaji."

Sun ci ƙosan tare bayan La'asar, tsohon ya ci rabin ɗaya ya ce ya ƙoshi. Bai kai ƙarshen makon ba. Ya cika da hantsi, Hajiya na tsefe masa gemu. Aka yi masa salla, aka kai shi maƙabartar Nasim. Teloli 'yan'uwansa suka rufe shaguna suka zo, har da wani ɗan Yaman da ya yi ta kuka ba ya jin rarrashi.

Da suka dawo, Mu'azzam ya zauna a matakalar bene ya cire takalminsa. Yashin maƙabarta ya cika shi. Ya zazzage a hankali, ya yi ɗan tsibi kusa da ƙafarsa. Daga sama yana jin Hajiya tana tambayar masu gaisuwa wa zai ƙara shayi.